Abin da haɗa sauti a mota ya koya min

Aikin haɗa sauti a mota rabinsa rage abu ake yi, kuma shi ne abin da direbobinmu ba sa son ji ko kaɗan. Ni rewaya ne, shagon ogana yana bakin titi tsakanin Wudil da Gaya, yawancin motocin da suke zuwa mana Golf ne da Sharon da Hiace na masu ɗiban fasinja, musamman in Juma'a ta gabato za a ci kasuwar Wudil, sai 'yan a daidaita sahu masu son duk layin da suka shiga a san sun shigo. Mutum zai je Sabon Gari ya sayo amfilifaya an rubuta mata wat 3000 a jikin kwali, ya ajiye a gabanka ya ce Malam so nake ta girgiza gilashi. Toh wannan 3000 ɗin lissafin 'yan talla ne kawai, lambar da ake nema ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ainihin ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai, in ka duba sai ka ga ba ta wuce 200 ko 300 ba, wani lokacin ma ba su rubuta ba sam, wannan kuma ya ishe ka sanin irin kayan da ka sayo.

Maɓallin da ya fi kashe sifiku a yankin nan shi ne wanda aka rubuta GAIN a kansa. Kowa ɗauka yake bolum ne, sai a murɗe shi har ƙarshe. Aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke turo mata ne, wata rediyon bolt 2 take bayarwa wata 4, in rediyon mai ƙarfi ce ai kaɗan za ka buɗe. In ka zarce, amfilifaya za ta nemi ba da abin da ba ta da shi, sautin ya yanke daga sama ya fara wannan ƙarar kamar ana yaga tsumma, koyil ɗin sifika ya yi zafi, ranar da aka yi doguwar tafiya zuwa Dutse da rana tsaka sai ka ji ƙauri. Yadda oga ya nuna min: a cire wayoyin sifika daga amfilifaya, a mayar da bes da tirebul na rediyo tsakiya, a kai bolum kashi uku cikin huɗu, a saka sautin gwaji na Hz 50 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce mai kauri) daga waya in wufa ce, wato babbar sifikar bes, ko 1000 in sifikun ƙofa ne, a sa mitar awon wuta a kan AC a ɗora ta inda aka cire wayoyin sifikar. Lambar da kake nema lissafinta ba wuya, wat na RMS sau om ɗin da aka rubuta a jikin sifika, sai ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan. Wat 300 a om 4 ya ba ka 1200, wato bolt 34.6, kalkuletar waya ma tana yi. Ka murɗa a hankali har mita ta kai nan ka ɗauke hannunka, shikenan. Sau da yawa maɓallin ko rabi bai kai ba, mai mota yana tsaye a kanka yana cewa haba Malam ai da saura.

Kurosoba kuma rabon aiki take yi, kowace sifika ta karɓi abin da za ta iya. Ba a ɗaura wa akuya garmar shanu, amma kullum sai na ga an tura wa ƙaramar sifikar ƙofa mai inci 6 duk bes ɗin duniya, tana ta bugun rufin ƙofa tana kakkarwa, muryar mai waƙa ko malamin da ke wa'azi ta cuɗe ba ka gane me ake faɗa. A jikin amfilifaya akwai ɗan makunni mai HPF da LPF da FULL: HPF yana tare sautin da ke ƙasa da lambar da ka sa, LPF yana tare na sama da ita, FULL kuma ya bar komai ya wuce. Na sifikun ƙofa a sa HPF wajen Hz 80, in ƙanana ne masu inci 4 irin na dashbod a ɗaga zuwa 120 ko sama da haka, na wufa a sa LPF shi ma wajen 80. Daga nan kunne ne zai ƙarasa aikin. In kana zaune a kujerar direba kana jin murya na fitowa daga but, LPF ya yi sama, sauko da shi. In kuma bes ya ɓace a gaba alhali wufa tana motsi sosai a baya, juya makunnin 0 da 180, in babu shi ka musanya wayoyin wufar biyu ka sake saurara. Tuwita kuwa, wato 'yar ƙaramar sifikar siririn sauti, kar a kuskura a haɗa ta kai tsaye, daga wajen Hz 3000 zuwa sama ne nata, ɗan akwatin da take zuwa da shi ko kafasita ɗin nan da yara suke yankewa su yar su ne ke tsare ta.

Shi kuwa bes bus, maɓallin ƙara bes da ke jikin amfilifaya, ni a sifili nake barinsa. Duk ƙarin dB 3, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ninka wutar da ake nema yake yi, wani maɓallin har 12 ko 18 yake kaiwa, ina amfilifayar da za ta ɗauki wannan?

Wayoyi ba sai na ja zance ba. Fiyus kusa da batir, kar ya wuce santimita 45. Wayar as, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, ta zama gajera, a kankare fenti har ƙarfe ya fito. Wayar sigina ta bi gefe ɗaya ta wuta ta bi ɗaya gefen, in ba haka ba za ka riƙa jin wani fito yana hawa duk sanda direba ya taka totur, altaneta ce ke shigowa. A kuma kankare wayar wuta a gani kafin a biya, da yawa alminiyam ce aka yi wa rufin tagulla, ga kauri a ido amma zafi take yi. Wufa biyu masu om 4 in ka haɗa su + da +, - da -, sun koma om 2, duba ko amfilifayar ta yarda da haka tukuna.

Akwai kuma abin da ba laifin kayan ba ne, waƙar da aka yi ta matsewa ana rage mata nauyi sau ba adadi ta riga ta mutu, mai mota zai dawo ya ce aikinku bai yi ba, sai na saka masa wata mai kyau daga wayata ya yi shiru.

Masu tallan magani da 'yan kamfen da ke ɗaura lasifikar ƙaho a saman mota su ma sun fara zuwa, su nasu ya fi sauƙi, ƙahon ba ya son bes ko kaɗan, in ka yanke masa duk abin da ke ƙasa da Hz 300 zuwa 400 maganar tana fita tas har ƙarshen kasuwa, kuma ba sa dawowa canjin koyil duk mako.