Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har ƙarshen damina

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Alhamis da ta wuce ɗalibanmu masu karatun labarin ƙasa a aji biyu na babbar sakandare sun gabatar wa iyaye da malamai sakamakon awon yanayi da suka yi tun faɗuwar damina har ɗaukewarta. A matsayina na malamin darasin, ya zama wajibi in fito fili in gode wa waɗanda suka ɗauki wannan aiki tamkar nasu.

Shekara da shekaru muna koya wa yara sunayen kayan awo a allo, su haddace, su zuba a jarabawar WAEC ko NECO, alhali da yawansu ba su taɓa riƙe ma'aunin ruwan sama ba. Wannan ya daɗe yana ci mini rai. Da na kai maganar gaban shugaban makarantarmu, bai ja ta da nisa ba, ya ware mana fili a bayan ɗakin gwaji, nesa da bishiyoyi da rufin azuzuwa yadda ɗigon kwano ba zai ɓata awo ba. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta saya mana ma'aunan zafi da kwalbar awon ruwan sama. Wani kafinta a unguwarmu, wanda 'yarsa ke ajin, ya ƙera mana farin akwatin nan mai tsaga-tsaga da ake ajiye ma'aunin zafi a ciki, don iska ta ratsa amma rana kada ta taɓa shi. Ko kuɗin ƙusa ya ƙi karɓa. Da guguwar farkon damina ta kayar da akwatin, tun kafin in aika masa ya iso da gudumarsa. Mai walda kuma ya haɗa mana kibiyar da ke nuna inda iska ta fito. Allah ya sa wa sana'arku albarka.

Sai Baba tsohon ma'aikacin hasashen yanayi da ya yi ritaya, wanda ya riƙa zuwa da ƙafarsa. Shi ya nuna wa yara cewa milimita ɗaya a kwalba daidai take da lita ɗaya ta ruwa a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa, sai ga su suna lissafin abin da ya zuba a gonakin iyayensu. Shi ya dage a riƙa karatu kowace safiya a lokaci guda, ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri. Ya fahimtar da su cewa abin da suke rubutawa halin rana ɗaya ne, kuma kafin a ce ga ɗabi'ar yanayin wani yanki, masana kan tara bayanan shekara 30, kamar na 1991 zuwa 2020 da ake aiki da su yanzu.

Ba zan manta da tambayar da wata ɗaliba ta yi masa ba. Ta ce: "Baba, littafi ya ce iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, daga Tekun Atilantika. To me ya sa hadari kullum daga gabas yake taso mana?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan, domin ta wanda ya ɗaga kai ya dubi sama ce. Baba ya bayyana musu cewa iska mai laima tana shigowa ne ta ƙasa-ƙasa daga teku, amma a can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, ita ke tura gajimaren zuwa yamma. Daga nan ya kai su ga hunturu, da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi ta lulluɓe mu, da yadda iyakar da ke tsakanin busasshiyar iska da mai laima ke hawa arewa a bazara ta koma kudu da kaka. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mun kuma gayyaci wani dattijo manomi, ya ba yara labarin farin 1973 da na 1984 kamar yadda ya gani da idonsa, da dalilin da ya sa mai hankali ba ya zuba irinsa duka a ruwan farko. Yara suka kwatanta maganarsa da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ke fitarwa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Na ga wasu a ranar sun fara duban kakanninsu da wani ido.

Babbar godiyata ta Baba maigadi ce da ɗaliban da ke kusa da makaranta. Dogon hutu yakan faɗo ne a Agusta, watan da ruwa ya fi yawa a nan Arewa, kuma da an bar kwalbar a lokacin da aikin duk ya tashi a banza. Baba maigadi ya riƙa buɗe musu ƙofa da sassafe, yana korar awaki daga wurin, wata rana har ya riƙe musu lema suna rubutu. Iyaye mata da suka amince 'ya'yansu su fito cikin taɓo, mun gode, Allah ya shirya muku zuri'a.

Ku kuma ɗalibaina, na yi alfahari da ku. Littafin awon yana ofishina, 'yan ajin da ke biye da ku za su ɗora daga shafin da kuka tsaya, kuma ma'aunin zafi zai ci gaba da aiki cikin hunturun nan. Duk malamin labarin ƙasa da ke son ganin yadda muka tsara wurin, ƙofarmu a buɗe take.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa mu ga damina mai zuwa lafiya. Amin.