Rajistar da na ƙona

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a makarantar 'yan mata ta mishan, wannan zangon kuma shi ne na ƙarshe. Abokan aiki duk sun san maganar rajista, sai dai daga baki ɗaya suka ji ta.

Ana saura wata biyu bikin tunawa da kafa makaranta, shugaba ta kira ni ta ce tsohon siton da ke bayan majami'a yana ba ta kunya, a share shi kafin baƙi su zo. Na ce, "Mama, takardun fa?" Ta ce, "Malama, gara ta gama da su, sa musu wuta." Na ɗebi 'yan aji biyu muka kwaso kwalayen muka cinna. Ban buɗe ko ɗaya ba, wannan kam laifina ne. Ashe rajistar ɗaliban farko tana ciki, da rubutun hannun baturiyar da ta buɗe makarantar.

Ranar biki wata tsohuwar ɗaliba, tana dogara sanda, ta nemi a nuna wa jikarta sunanta. Lamba tara, in ji ta. A gaban fastoci da iyaye shugaba ta juyo ta ce ita ba ta san wanda ya ba ni izini ba. Na durƙusa na ba da haƙuri. Har yau in na tuna durƙuson nan, abinci ba ya wuce mini.

Hutu uku na yi ina bin tsofaffin ɗaliban makarantar gida-gida da littafi da biro. A zamaninsu, makarantun 'yan mata a Arewa da yatsu ake ƙirga su: ta sistocin St. Louis da suka iso Kano daga Ireland a 1948, da ta Gindiri da aka buɗe a 1958, da Queen of Apostles ta Kakuri, wadda ta koma Queen Amina bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Inda suna ya sauya, rajista ce shaidar da ta rage wa mace cewa ta zauna a aji. Tamu kuwa ni na ƙona.

A bakinsu na ji asalin al'adun da nake rainawa. Al'adar uwar makaranta, wato babbar ɗaliba mai kula da ƙarama, da nake ɗauka hanyar aiken yara ce kawai, ta samo asali ne lokacin da ake sauke ƙaramar yarinya daga babbar mota da akwatin ƙarfe, ba za ta ƙara ganin gida ba sai hutu. Waƙoƙin yammacin Lahadi da Hausa kuwa, a nan kaɗai ba a cin su tara don sun yi yaren gida.

Ga masu zuwa: umarnin da ba a rubuta ba, ku nemi a rubuta. Ku riƙa gaida mai gadi da masu dafa abinci, sun fi fayil sanin makarantar.

Sunayen 'yan ajin farko, saura huɗu na haɗa su duka. An buga su a ɗan littafin tarihin makaranta, da hoton shugaba a shafin farko. Ku duba ko za ku ga sunana.