Wasiƙa daga Ingila: wai a wane sashe kake?

Assalamu alaikum mutanen Kaduna. Ina gaida kowa, musamman ƙannena ɗaliban kimiyya da ke ta turo saƙo a WhatsApp. Tambayoyinku ba sa wuce tallafin karatu, sanyi, sai kuma wadda ta fi yawa: wai kemistiri nake yi ko bayoloji? Zan taɓa duka in Allah Ya yarda, amma bari in fara da ta ƙarshe.

A takarda kemistiri ne, amma ginin da nake aiki ba na kowane sashe ba ne. Siffar furotin da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da halayen gado, muke bincike, da yadda suke aiki a jiki. Wadda ke damata a benci likita ce, na haguna fiziks ya karanta, ga wani saurayi da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, kwamfuta ce sana'arsa, kuma sai ya duba lissafinmu ake yarda da sakamako. Ɗaliban digirin farko ma haka ake koyar da su: darasi ɗaya a kan haɗa magani, malamai daga sassa uku ke karɓa-karɓa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na'urori. Akwai wata babba da ake daskarar da furotin a ɗauki hotonsa da ita. Ta kowa ce. Ka shiga intanet ka kama lokaci, in ka riga farfesa, to sai ya jira ka gama. Ni kuwa a gida na san wata na'ura da aka lulluɓe da zani a ɗaki, makulli na aljihun oga, oga kuma ya tafi Abuja. Ɗan wani sashe ko leƙe bai isa ya yi ba.

Wannan haɗa kai tsakanin sassa ba yau suka faro shi ba. Da aka gano siffar DNA a Kambirij a 1953, Francis Crick masanin fiziks ne, James Watson ilimin dabbobi ya karanta, hotunan da suka dogara da su kuma daga ɗakin binciken Rosalind Franklin ta Landan suka fito, ita kuwa kemistiri ta yi. Ku ɗauki sikila, wadda kusan kowane dangi ya san zafinta. Linus Pauling, masanin kemistiri a Amurka, shi da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin furotin ɗin jini. Daga baya Vernon Ingram ya gano cewa amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) ɗaya tak daga cikin 146 na ɗaya daga sarƙoƙin furotin ɗin ne ya sauya. Ciwon na asibiti ne, amma ba a asibiti aka gano tushensa ba.

To amma takardu! Kafin ka taɓa ko gishiri a ɗakin gwaji sai ka cike fom: mene ne haɗarinsa, nawa za ka auna, in ya zube me za ka yi, ina za ka zuba ragowar. Shugabanka ya sa hannu, jami'in kiyaye haɗari ya sa hannu. Akwai horon sa safar hannu, akwai na kashe gobara, har da na yadda ake ɗaga kwali kada baya ya riƙe. Ni da na taso ina ɗaukar buhun masara a Kasuwar Bacci aka zaunar ana nuna mini yadda ake durƙusawa. Ka sauya sinadari ɗaya, sabon fom. Wallahi abin na cin rai, sai dai ban taɓa ganin an tsotsi asid da baki a nan ba, kamar yadda aka koya mana a sakandare.

Ba cewa nake mu kwaikwayi komai ba, kuɗin ba ɗaya ba ne. Amma ga cibiyar binciken sammore da ciwon barci a cikin Kaduna, ga jami'ar jihar Kaduna, KASU, da asibitin Barau Dikko, ga ABU nan Zariya. Marigayi Farfesa Andrew Nok daga ABU ya yi aikinsa a kan ƙwayar sammore har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Zama ɗaya a mako, likitan dabbobi da ɗan kemistiri da mai kwamfuta su saurari juna, ba ya buƙatar dala. Kai kuma ɗan bayoloji da ke gudun lissafi, ka daure ka koyi rubuta manhaja tun yanzu, a intabiyu za a tambaye ka.

Sanyi kam akwai shi, a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, La'asar da Magariba sai ka ce a haɗe suke. Batun tallafin karatu dogo ne, sai wasiƙa ta gaba. Kafin nan ku karɓo takardar sakamakonku daga makaranta, don fitowarta kan ɗauki lokaci.

Naku,
ɗan Tudun Wada a Ingila