Kunyar cewa babu

Ƙannena, a gidanmu ba a zancen kuɗi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban san nawa ne albashinsa ba. Abin da na sani kawai, duk wanda ya yi sallama a zaure da damuwa ba ya komawa hannu rabbana. Sai da aka zo biyan bashi kafin rabon gado muka gane yawancin kyautar nan rance ce.

Haka na tashi ina ganin rufin asiri shi ne kada wani ya taɓa jin ka ce babu. Da na tafi bautar ƙasa a 2021, alawus Naira 33,000 ne. Kafin goma ga wata sun ƙare: ankon wannan, gudummawar bikin wancan, katin wayar ƙanne. Ko sisi ban taɓa rubutawa ba, don a wurina lissafi rowa ce.

Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta haura Naira 500, albashina ya daina kai ni ƙarshen wata. Maimakon in rage hidima, sai na ci bashin manhajar waya, mai kuɗin ruwa. Da na kasa biya suka bi lambobin wayata da saƙo, har surukina. Kunyar da na yi shekaru ina gudu ta same ni a bainar jama'a.

Inna ce ta fitar da ni. Ƙuli-ƙuli take sayarwa daga cikin gida, tana zubin adashi duk Juma'a, kuma ba ta taɓa uwar kuɗi ko da baƙo ya zo. Akuyarta ta sayar ta biya. Makarantar nan tana cikin gidanmu tun ina yaro, na raina ta don kuɗin ƙanana ne.

Ban ga laifin Baba ba, zuciyarsa mai kyau ce. Amma ku zauna ku tantance abin da kuka gada. Ku tambayi iyayenku yadda suke juya kuɗi tun suna raye. Ranar da albashi ya shigo, ku fara ware na adashi da na taimakon dangi, kowanne da iyakarsa. In na dangi ya ƙare, ku ce ba hali yanzu, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ranar da na fara faɗar haka ga wani kawuna, sai da bakina ya yi rawa. Ya sa mini albarka ya tafi.