Foliyimid mai jin haske: yadda ake zana shi da inda yake lalacewa

A saman guntayen silikon da ke cikin waya da kwamfuta akwai wata siririyar fata mai ruwan zuma da ke kare su daga matsi da ƙarzuwa. Foliyimid ke nan, wani nau'in roba, ɗan gidan su Kapton na kamfanin DuPont. A da sai an shafa masa wani maganin ɗaukar hoto daban kafin a huda ramukan da za a haɗa wayoyin lantarki. A shekarun 1970 masu bincike a Siemens ta Jamus suka ɗaura wa sinadarin rassa masu kamewa in haske ya taɓa su, ya zama shi da kansa ke ɗaukar zanen.

Kwalbar ruwan foliyimid ɗin a firiza take zama, wajen digiri 18 na ma'aunin Selsiyus ƙasa da sifili. Kada a buɗe ta sai sanyin ya sake ta sarai, don raɓa na sauka ciki ta ɓata maganin. A ɗaki mai fitila rawaya ake zuba shi kan busasshen faifan silikon, a juya da gudu har ya baje, sannan a gasa sama-sama a kan digiri 90 zuwa 110 na 'yan mintoci. In gashin ya gaza, faifan zai manne wa allon zane, wato allon da haske ke bi ta cikinsa ya sauke zanen. In ya wuce kima, ramuka ba za su wanku ba.

Wurin haskawa ne ya fi son natsuwa: inda haske ya taɓa ya kame, inda bai taɓa ba a wanke shi ya zama rami. Ana amfani da hasken ultrabayolet mai tsawon zango nanomita 365, amma foliyimid kansa yana shanye wannan hasken. Saman ya kame, ƙasan bai samu rabonsa ba. Da an zuba ruwan wankewa, wato saikulofentanon, sai ya zaizaye gindin, zanen ya tsaya kamar lema, ƙananan layuka su ɓanɓare. Mutane kan yi gaggawar ɗora laifin a kan ruwan wankewa, alhali hasken ne bai kai ƙasa ba. A ƙara yawansa, ko a haɗa da na nanomita 436 wanda ya fi ratsawa. Amma in ya yi yawa, ramin da ya kamata ya buɗe zai toshe.

Sai gashin ƙarshe, digiri 350 zuwa 400, cikin iskar naitirojin. A nan rassan nan suke ƙonewa su fice, kauri ya ragu da kusan rabi. Mai son kaurin maikiron 5 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) sai ya shafa wajen 10, kuma a ganina wannan lissafin tun wurin zana allo ya kamata a yi shi, domin bakin rami ma yana kwantawa. A hau da zafin a hankali, 'yan digiri a minti ɗaya, a sauko haka nan, in ba haka ba kusurwoyi su tsage ko faifan ya lanƙwashe. Idan oksijin ya kutsa tanda, fatar za ta fito da duhu, ga saurin karyewa.