Zanen ƙauye da fentin mai: fara sanin wane wata kake zanawa

Yawancin zanen ƙauyen da ake ratayewa a falo da ofisoshi a Kano matsalarsu ɗaya ce, kuma ba ta rashin iya riƙe burushi ba ce. Za ka ga rumbu ya zauna daidai, bukka ta fito tsaf, amma gero kore shar a gona, sama ta yi fari fat da hazon hunturu, ga gawo cike da ganye a gefe. Wanda ya tashi a Gezawa ko Dawakin Tofa kallo ɗaya zai yi ya san ba a taɓa yin irin wannan rana ba. Gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore. Hazo kuma ba ya tarar da gero a tsaye. Saboda haka kafin ka matso fenti ko ɗigo, ka yanke wa kanka wane wata ne a cikin zanen, domin shi zai ba ka launin ƙasa, launin sama, ƙarfin inuwa, har da aikin da mutanen ciki suke yi.

In kaka ce, a ga dammunan gero, kara a tsaye, harawa an ɗora ta a kan bishiya ko a kan rufi, mata na sussuka. In hunturu ne, gona ta zama fili, kuka ta zubar da ganye sai 'ya'yanta na lilo, ɗorawa kuma sai wajen ƙarshensa take fitar da jajayen furanninta. Wurin da kore da hazo suke haɗuwa da gaske shi ne wuraren noman rani, irin su Kura da Kadawa masu shan ruwan Tiga. Can za ka iya sa alkama ko tumatir kore a ƙarƙashin farar sama, babu mai ce maka ka yi ƙarya.

Sai shimfiɗa, wato shirya kambas, ƙyallen da ake zane a kai. Kambas mai ƙafa biyu da ƙafa uku ya ishi mai koyo. Ka sa kafinta ya yi firam da busasshen katako, domin ɗanye yana murɗewa da zarar iskar hunturu ta buge shi. Wajen ja, fara daga tsakiyar kowane gefe, ka buga nan ka koma gefen da ke fuskantarsa, kana tafiya zuwa kusurwa, tazarar kamar yatsa uku tsakanin ƙusa da ƙusa. Wajen jeso, wato farin shafin da ake yi wa kambas kafin zane, na kanti ya fi, shafi uku, ana gogewa da lallausar samfefa a tsakani. In aljihu bai kai ba, haɗin da masu zane da yawa suke yi a ƙasar nan shi ne farin fentin imolshan da gam ɗin Top Bond, kamar kashi uku na fenti da kashi ɗaya na gam. Yana aiki, amma kada a yi masa rowa. In ka juya bayan kambas bayan ka fara zane ka ga tabon mai ya ɓullo, shimfiɗar ta yi kaɗan, kuma man nan zai ci zaren a hankali har ya ruɓar da shi. Fentin gilos na ƙofa da taga ba ya cikin lissafi, santsi gare shi, fenti ba ya kama shi da kyau.

Kada ka fara a kan fari. Narka siyena ƙonanniya (fenti mai launin jar ƙasa) da ɗan yalo oka (rawaya mai ruwan ƙasa) a tafentin, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, shafe kambas duka, ka goge da tsumma har ya zama ruwan ƙasa mai haske. Washegari ya bushe. Wannan launin zai riƙa leƙowa ta ƙarƙashin komai, shi ne ƙurar da take haɗa katanga da hanya da bishiya su zama 'yan gari ɗaya.

Kala bakwai sun wadatar: farin titaniyom, yalo oka, yalo kadmiyom, siyena ƙonanniya, amba ƙonanniya (ruwan ƙasa mai duhu), shuɗin altramarin, da ja guda ɗaya domin zanin mata da jar hula. Ba ka buƙatar baƙi, altramarin da amba suna ba da baƙin da ya fi na kwalba rai. Kore ma haɗa shi ake yi. Ganyen gero yana da ɗan toka-toka, to altramarin da oka da fari. Gyaɗa da darbejiya sun fi duhu, sai a ƙara kadmiyom a rage fari. Koren da aka matso kai tsaye daga kwalba shi yake mayar da gonar Minjibir filin ƙwallo.

Inda aka fi faɗuwa shi ne nesa. Darussan da ake kallo a intanet yawanci daga Turai da Amurka suke, kuma abin da suke koyarwa shi ne abu in ya yi nisa sai ya koma shuɗi-shuɗi. Haka ne a can, haka ne ma a nan bayan an yi ruwa an ɗauke a watan Agusta, lokacin da iska ta wanke har kana hango duwatsun Rano tar. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu abin da ke tsakaninka da nesa ƙura ce, don haka nesa ba shuɗi take komawa ba, fari mai ruwan ƙasa take komawa. Haɗa launin hazon tun farko, da yawa, a gefe guda na allon haɗa kala: fari mai yawa, ɗan oka, ɗigon siyena, da altramarin kaɗan ƙwarai don ya kashe zafin. Da shi za ka yi sama. Sannan duk abin da ya ja baya ka zuba masa wannan haɗin: bishiyar tsakiya kamar kashi ɗaya cikin uku, layin bishiyoyin ƙarshe fiye da rabi, har gindinsu ya narke cikin ƙasa. Bakin abubuwa ma sai ya yi laushi, ka bi shi da busasshen burushi tun fenti na ɗanye. Ranar hazo inuwa ba ta da kaifi, rana kanta farin faifai ce da ido ke iya kallo. Wanda ya sa baƙar inuwa mai kaifi a ƙarƙashin irin wannan sama ya haɗa yanayi biyu ke nan.

Hadarin damina kuwa daga gabas ya fi tasowa. Altramarin da amba da ɗan fari suna ba da nauyinsa, kuma in ka bar hasken la'asar ya faɗo a kan katangar ƙasa a gabansa, zanen ya gama rabin aikinsa da kansa.

Game da inuwa, Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka a yawancin shekara da tsakar rana inuwa kusa da gindin abu take, komai ya yi lebur. Fita kafin ƙarfe tara na safe ko bayan la'asar. Da hunturu rana tana karkata kudu, inuwa ta faɗi ta arewa. Inuwar katangar ƙasa ba toka ba ce. Jar ƙasar da ke gabanta tana mayar mata da haske, don haka ƙasan inuwar ya fi ɗumi, samanta da ke kallon sararin sama ya fi sanyi. Siyena da altramarin da ɗan fari, a ƙara oka a wajen gindi. Hoton waya yana cinye wannan duka, ya mayar da inuwa baƙa ƙirin, shi ya sa ƙaramin gwaji na santimita 20 da 25 da aka yi a wurin, cikin awa ɗaya da rabi kafin haske ya juya, ya fi hotuna hamsin amfani.

Ajiye rula in za ka zana ginin ƙasa. Katangar tubali gindinta ya fi samanta kauri, kusurwarta a mulmule take, ruwan indararo ya tsaga mata hanya, sawun yatsun mai yaɓe yana nan. Wuƙar fenti ta fi burushi fitar da wannan. Inda aka shafa makuba ya fi duhu da ja. Rumbu a kan duwatsu yake zaune saboda gara da danshi, to ka bar siririyar inuwa mai duhu a ƙarƙashinsa, in babu ita sai ya zama kamar an dasa shi. Jinka daga ƙasa ake jera ta zuwa sama, layi na hawa kan layi. Fara da duhu, ka ɗora haske a bakin kowane layi kawai, ba sai ka ƙirga ciyawa ɗaya-ɗaya ba. Sabuwa ruwan ɗorawa ce, wadda ta sha damina biyu ta koma toka mai duhu. Kuma a ganina babu dalilin ɓoye rufin kwano da jarka rawaya a bakin rijiya da babur a ƙofar zaure. Ƙauyen yau ke nan, tsatsar kwano kuwa tana cikin launuka mafi kyau da za ka samu a wurin.

Mutane da dabbobi su zo a ƙarshe, da 'yan shafe-shafe kaɗan. Masu saye da yawa a Kano sun fi son zanen da ba a fito da fuska ba, don haka mai tallar fura daga baya ko manomi daga nesa ya wadatar. Farin bijimi ba fari ba ne sai a doronsa inda rana ta taɓa, cikinsa launin ƙasar da yake tsaye a kai ne. Kafin ka kafa allo a ƙauye ka je ka gai da mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, kada kuma ka juya allonka ko wayarka cikin gidan mutane.

Ƙa'idar mai ita ce kowane shafi ya fi na ƙarƙashinsa mai. Na farko a tsinka fenti da tafentin zalla, na biyu kashi biyu tafentin da kashi ɗaya man linsid (man da ake haɗa fentin mai da shi), na ƙarshe rabi da rabi. In ka juya tsarin, na sama ya riga na ƙasa bushewa, bayan watanni ya tsattsage. Amba tana bushewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, fari da kadmiyom kan kai mako, fiye ma in da kauri. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa ko za a shekara, kada a gwada. Kananzir a bar shi wajen wanke burushi, a bi da sabulu, domin a cikin fenti yana barin maiƙo ya dushe kala.

Ƙurar da kake zanawa ita ce kuma za ta ɓata maka aiki. Kada ka kwantar da ɗanyen zane ya kalli sama. Jingina shi ya fuskanci bango da tazarar tafin hannu, a kashe fanka. Tsakuwar da ta manne a cire ta da bakin allura, ba da yatsa ba. Da damina a ɗaga shi daga ƙasa saboda fumfuna tana kama bayan kambas. Tsummokaran da suka sha man linsid kada a dunƙule su wuri ɗaya, suna iya yin zafi su kama wuta da kansu, musamman da bazara, a baza su a waje ko a jiƙa su da ruwa. Banish na ƙarshe, wato shafin ƙyallin da ake rufe zane da shi, sai zane ya yi aƙalla wata shida. In mai saye yana gaggawa, a shafa siririn banish na wucin gadi bayan fenti ya daina kama yatsa, a gaya masa ya dawo da shi idan lokacin ya cika.