Shaidar da Burauza Ke Bari a Rajistar Saba

Shekaru da dama ke nan ina kula da wani ƙaramin shafin intanet da muke ajiye rubuce-rubucen Hausa a cikinsa, kuma mafi yawan abin da na sani game da halin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, na tsince shi ne a cikin fayil guda wanda sabar shafin, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, take rubutawa dare da rana ba tare da kowa ya sa ta ba. Duk sa'ad da waya ko kwamfuta ta nemi wani abu daga shafin, ko rubutu ne ko hoto, saba tana ƙara layi ɗaya a wannan rajista. Mai karatu yana iya mantuwa da abin da ya danna, ƙa'idojin da masana suka rubuta kuma suna faɗin abin da ya kamata burauza ta yi ne kawai, amma layin rajista yana nuna abin da ta aikata a zahiri, da daƙiƙar da ta aikata shi.

Ga yadda irin wannan layi yake:

203.0.113.7 - - [14/Mar/2024:09:12:44 +0100] "GET /kamus HTTP/1.1" 200 5120 "-" "Mozilla/5.0 (Linux; Android 10; K) ..."

Daga hagu akwai adireshin IP na mai nema, sai lokaci, sai abin da aka nema, sai lambar amsar da saba ta bayar, sai yawan bayit ɗin da ta tura. Filaye biyu na ƙarshe su ne Referer, wato shafin da aka fito daga cikinsa, da User-Agent, wato sunan da burauza ta kira kanta da shi. Tsarin ya samo asali ne daga sabar NCSA ta farkon shekarun 1990, manhajar saba ta Apache ta gaje shi, takwararta nginx ma da shi take rubutu idan ba a canja mata ba. Kalmar Referer kanta kuskuren rubutu ce, harafin r guda ya faɗi daga cikinta, haka kuma ta shiga takardar ƙa'idar sadarwar shafukan intanet, RFC 1945, a shekarar 1996, har yau ba a iya gyara ta ba.

Karo na farko da rajista ta fisshe ni kunya shi ne lokacin da na lura ƙidayar masu karatu a shafukanmu ta kusa ninkawa a cikin 'yan kwanaki, alhali ba mu yi wani sabon abu ba. Da farko na yi murna. Da na buɗe fayil ɗin sai na ga layukan suna tafiya bibbiyu kamar tagwaye, adireshi ɗaya, shafi ɗaya, daƙiƙa ɗaya, sai dai a layi na biyu filin Referer yana ɗauke da adireshin shafin da ake nema ɗin kansa. Shafi ne yake neman kansa. Ashe a wani gyara da na yi na bar gurbin hoton marubuci babu adireshi, wato img mai src fanko, burauza kuwa ta ɗauki fankon a matsayin umarni ta koma inda take. Daga baya na karanta bayanin da masanin manhajar intanet Nicholas Zakas ya rubuta kan wannan aibi a 2009, na ga ya yi daidai da abin da ke gabana: Safari da Chrome na wancan zamani suna sake neman shafin gaba ɗaya, Internet Explorer tana neman jakar da shafin yake ciki, Opera ba ta neman komai, Firefox kuma ta daina daga siga ta 3.5. A fuskar allo babu wanda zai ga alamar wannan, domin amsar ta biyu burauza tana karɓa ne ta watsar, bayan mai karatu ya riga ya biya kuɗin datarta.

Akwai wasu halaye da idon mai duba rajista yake sabawa da su da wuri. Buƙatar favicon.ico, wato ƙaramin tambarin shafi, tana zuwa ko da babu inda aka ambace ta a shafi, al'ada ce da Internet Explorer 5 ta kawo a 1999, kuma a farko ba ta nema sai mutum ya ajiye shafin cikin waɗanda yake so, har masu shafuka suka riƙa ƙirga ta domin su san farin jininsu. Wayoyin Apple suna neman apple-touch-icon.png su sha amsar 404, wato ba a samu abin da aka nema ba. Idan aka sa bidiyo ko sauti, Safari takan fara roƙon bayit biyu kacal domin ta gwada ko saba ta iya bayar da fayil gunduwa-gunduwa, abin da ke fitowa da lambar 206, idan kuma saba ba ta iya ba, bidiyon ba zai buɗe ba ko da lafiyarsa ƙalau.

Inda rajista ta fi yi mini amfani shi ne kan haruffanmu masu lanƙwasa. Adireshin intanet ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye, dole burauza ta mayar da kowane zuwa bayit ɗinsa na tsarin haruffa na UTF-8 da alamar kashi cikin ɗari a gaba. Saboda haka ƙ takan zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Wanda ya haddace waɗannan uku zai iya karanta abin da mutane suke nema a akwatin bincike daga cikin rajista kamar yadda ake karanta wasiƙa. Wata rana wani malami ya yi mini ƙorafi cewa idan ya nemi kalmar ƙasa ba ya samun komai, ni kuwa na gwada a kwamfutata na samu sakamako cike da allo, har na fara zargin allon rubutun wayarsa. Na roƙe shi ya sake gwadawa a daidai lokacin da muka yi alkawari, ina zaune ina kallon layukan suna shigowa. Abin da ya iso shi ne %26%23409%3Basa. Da na warware shi sai ya zama ƙasa, lamba 409 kuwa ita ce matsayin harafin ƙ a jerin Unicode.

Wannan layi guda ya bayyana komai. Malamin yana shiga ne ta wani tsohon shafin bincike da na manta da shi, wanda bai bayyana cewa rubutunsa UTF-8 ba ne, don haka burauzarsa ta ɗauke shi a tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai, windows-1252, wanda babu ƙ a cikinsa. Idan burauza za ta aika harafin da tsarin shafi bai san shi ba, takan rubuta lambarsa tsakanin &# da waƙafi mai ruwa ta aika haka. A nan laifin nawa ne, burauza ta bi abin da aka tsara mata, kuma layi ɗaya da na ƙara a saman tsohon shafin ya kashe maganar. Ina ganin da yawa daga cikin abin da muke kira aibin burauza irin wannan ne, hali ne da ba mu san da shi ba sai ranar da ya ci karo da sakacinmu.

Alamar da ke gaban kalmomi irin su 'yan da 'ya'ya ma ta ba ni wahala. Daga kwamfuta takan zo a matsayin %27, amma daga iPhone sai na riƙa ganin %E2%80%99, wato mai lanƙwasa, domin tun daga iOS 11 a 2017 allon rubutun Apple yake sauya miƙaƙƙiyar alamar da kansa. A ido kusan abu ɗaya ne, a wurin manhajar bincike kuwa kalmomi biyu ne daban. Yanzu kafin a yi bincike ina mayar da duk nau'o'in alamar zuwa guda ɗaya.

Filin da ya fi kowane yaudara shi ne na sunan burauza. Kusan kowace tana fara gabatar da kanta da Mozilla, sunan da tsohuwar burauzar Netscape ta yi amfani da shi, Internet Explorer ta ara domin kada shafuka su ba ta ragowar abinci, sauran kuma suka bi sahu. Da Opera ta kai siga ta 10 a 2009, sai aka tarar wasu shafuka lambar farko kawai suke karantawa, suna ɗaukar ta siga ta 1, don haka ta riƙa kiran kanta Opera/9.80 tana sa lambar gaskiya a can ƙarshe. Tun daga iPadOS 13 a 2019 Safari ta iPad tana cewa ita kwamfutar Macintosh ce. Windows 11 tana fitowa a matsayin Windows NT 10.0. Layin da na kawo a sama ma bai tsira ba: tun farkon 2023 Chrome ta Android tana rubuta Android 10 da harafin K ga kowace waya, ko wace iri ce, ko wace siga take ɗauke da ita, domin a rage bin sawun mutane. Na taɓa ɓata yini ina neman dalilin da ya sa matsala ta taru a kan wayoyi masu Android 10 kafin na gane cewa kowa ne ya koma Android 10 a rajistata.

Adireshin IP shi ma ba ya nufin mutum ɗaya. Yawancin masu karanta mu da datar waya suke shiga, kamfanonin sadarwa kuma sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda, ta yadda wanda ya toshe adireshi saboda mutum ɗaya zai iya rufe ƙofa ga unguwa. Opera Mini, wadda ta samu karɓuwa sosai a Nijeriya saboda tattalin data, tana ƙara wani labule: idan tana cikin yanayin matse shafi sosai, sabobin kamfanin Opera ne suke ɗauko shafin su sarrafa shi sannan su tura wa wayar. Mai karatu yana Funtuwa ko Maraɗi, rajista kuma tana nuna baƙo daga wata ƙasa mai nisa. Sai da na umarci saba ta ƙara rubuta filin X-Forwarded-For, wanda ke ɗauke da adireshin wayar na asali, kafin na fara ganin inda suke na gaskiya.

Akwai kuma abin da rajista ba ta gani sam. Shafin da burauza ta ɗauko daga ma'ajiyarta ba ya barin layi, kuskuren JavaScript yana faruwa ne a cikin wayar mai karatu, tun daga Chrome 85 a 2020 kuma filin Referer daga wani shafi na waje sunan gidan kawai yake kawowa, ban da cikakken adireshi. Abin da take gani ɗin ma amana ne, domin kalmar da mutum ya nema haɗe da adireshinsa da lokacin da ya nema sun isa su tona abin da bai so a sani ba. Tun kafin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 nake goge kashin ƙarshe na adireshin IP idan zan kwafi layuka domin nazari, tsofaffin fayiloli kuma ba na barin su su wuce 'yan makonni.

A 'yan kwanakin nan wani sabon abu nake bi. Wasu buƙatu suna zuwa da %25C6%2599 a inda ya kamata a ga %C6%99, ma'ana wani abu a kan hanya ya ɗauki adireshin da aka riga aka sauya ya sake sauya alamar kashi cikin ɗarin da ke cikinsa, saba kuma ta amsa da 404 ga duk maƙalar da ke da harafi mai lanƙwasa a adireshinta. Filin Referer fanko yake a dukkansu, abin da ya sa nake zaton mahaɗin yana bi ta cikin wata manhajar aika saƙo ne kafin ya kai ga burauza. Na sa saba ta riƙa gyara irin waɗannan adireshi ta tura mai karatu inda ya nufa, sannan na ware musu fayil nasu daban da nake dubawa kowace safiya, ina kwatanta sunayen burauzar da suke zuwa da su.